Takalmin da Aka Kai Horo

Ga misali ga duk mai zaton na'ura za ta sha masa wahalar da shi ya kamata ya sha.

A wani ƙauye na gefen Malumfashi an yi wani saurayi, Nafi'u, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ba shi da buri sai shiga aikin kashe gobara. Jarrabawar rubutu ba ta taɓa ba shi tsoro ba, gwajin gudu ne yake kayar da shi duk shekara. Bana kuma ita ce ta ƙarshe, don baɗi shekarunsa sun wuce ƙa'ida. Da yayarsa Asabe, mai aikin jinya a ƙasar waje, ta ji haka, sai ta aiko masa da takalmin gudu irin na zamani. A cikin tafinsa akwai 'yar na'ura mai lura da yadda mutum yake taka ƙasa. Inda kake sakin nauyi ta tausasa wurin, inda ƙafarka take karkacewa ta tokare, igiyar ma da kanta take matsewa ko ta sassauta. Sai dai fa sai an yi makonni ana gudu da shi kafin ya gama koyo.

To, Nafi'u ɗan manomi ne. Tun tasowarsa ya ga in mahaifinsa ya sayi sababbin shanun huɗa ba ya ɗaura musu garma da kansa, wurin gwani yake kai su a hora su, su dawo suna bin kunya ɗoɗar. Sai ya ce a ransa, abin da yake koyo ai gwani ake kai wa. Ya ɗauki takalmin ya kai wa Mati Dogo, maharbin garin, wanda ake cewa tare da karnukansa suke isa kan zomo. Aka yi sa'a ƙafarsu ɗaya. Mati ya shiga daji da takalmin har damina ta ja baya, Nafi'u kuwa yana zaune a gindin darbejiya yana jiran a kawo masa gudu.

Ranar da Mati ya dawo da shi, ya miƙa masa yana murmushi. "Ga abinka, ɗana. Ya san daji fiye da karnukana. Saura kai."

Nafi'u ya zura ya ɗauki hanyar dam. Abin da bai sani ba, Mati da kan yatsu yake gudu, taku mai tsawo kamar barewa, don haka takalmin ya tausasa gaba, ya bar dunduniya kamar katako. Shi kuwa da dunduniya yake sauka. Kafin ya wuce makarantar firamare ƙwaurinsa ya ɗauki zafi, idon sawunsa ya kumbura. Ya dawo gida yana ɗingishi, takalmin a hannu, ya kira yayarsa ya ce kayan nan nata bai karɓi horo ba. Da ta gama jin labarin, sai da ta yi dariya mai isarta.

"Auta, bijimi na aiko maka? Ba gudu yake koya ba, mutum yake koya. Yanzu Mati ya sani, kai baƙo ne a wurinsa."

Ta nuna masa inda zai danna ya goge duk abin da takalmin ya riƙe. Ya daɗe da yatsa a kan wurin, yana ganin kamar saurin Mati zai zubar a ƙasa, ga shi gwaji ya matso. Sannan ya danna.

Da kumburin ya saɓe, ya fito bayan sallar asuba. Gudun farko, mata masu zuwa ɗiban ruwa da tulu a ka suka kusa wuce shi. 'Yan teburin mai shayi kuwa suna hango shi suke cewa, "Ku ba da hanya, motar kashe gobara ta fito." Ya ci gaba da gudunsa. Gobe ya sake fitowa, jibi ma haka, ranar kasuwa ma haka. A hankali takalmin ya gane dunduniyarsa ya shimfiɗa mata laushi, ya gane ƙafarsa ta hagu mai son fita waje ya riƙe ta. A hankali kuma ƙirjinsa, wanda babu na'urar da za ta yi masa numfashi, ya daina ƙuna a hawan dam.

Ranar gwaji bai zo na ɗaya ba, bai ma zo kusa ba. Amma lokacin da jami'in ya saki igiyar da ke raba waɗanda aka ɗauka da waɗanda za su koma gida, a bayan Nafi'u ta faɗi, ya samu shiga.

Da ya dawo ƙauye, Mati ya tare shi a bakin kasuwa. "To faɗa mini gaskiya, takalmin ne ko kai ne?"

"Tare muka sha ta, Baba Mati. Shi dai ba ya haki."

Maharbin ya gyaɗa kai, don ba yau ya sani ba: kowa ya ci zomo, ya ci gudu.