Mala'ikan Butrus

Tun da harbe-harbe suka lafa a birnin Umdurman na Sudan, Butrus Kodi ya koma tonon kaburbura. Shi da mazan cocinsu na unguwar Hajj Yusuf sukan tsallaka kogi da shebur a kafaɗa, su bi gidajen da aka binne mutane a tsakar gida lokacin da ba halin fita, su taya a mayar da su maƙabarta. Ba sa tambayar addinin mamaci.

Kowa a cocin ya haddace labarin Butrus, har tsofaffi sun san inda zai fashe da kuka. Yunwa ce ta kai shi cikin 'yan bindiga. Ya fasa gidaje, ya kwashi kayan mutane. A unguwar Umbadda ya harbe wani mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, don kawai ya ƙi sauka, sannan ya hau abinsa yana yawo da shi a unguwar. Ba a jima ba bom ya same shi a wani lungu. Ya rarrafo daga cikin rakshan, ya faɗa gidan da ya fi kusa, ya kwanta a kan wani tudun ƙasa mai laushi a gindin darbejiya, jini na zuba, yana jiran mutuwa.

Sai ga wata halitta cikin farare, daga kai har ƙafa. Ta kama ƙafafunsa, ta ja shi har bakin titi, inda masu agaji suka tsince shi.

"Ubangiji ya aiko mala'ika wurin mai kisan kai," haka yake rufewa kullum. "To kai wane ne da za ka fid da rai?"

Da wannan labari maza suka bar giya, wasu suka koma wurin matansu. Amma shi Butrus, can ƙasan ransa, tsoro yake ji kada ya zama zafin ciwo ne kawai ya nuna masa abin. Duk gafarar da yake taƙama da ita a kan wannan tudun ƙasa ta tsaya. Shi ya sa ba ya ƙin aiki a Umbadda. Yana wuce zawarawa cikin fararen tufafinsu na takaba ko kallo ba ya yi, idonsa na kan ƙofofi, yana neman gidan nan.

Ranar nan aka kai su gidan wata Bahaushiya a Umbadda, Hadizatu, jikar mahajjatan da suka zauna a Sudan. Ta fito cikin shuɗin mayafi tana dafe da ƙugu.

"Ku yi haƙuri, bayana ne ya ƙi ni," ta ce. "Kaya mai nauyi na ja lokacin yaƙi."

Butrus bai ma ji ta ba. Ga tabon wuta a bangon ƙofa, ga darbejiya, ga tudun ƙasar. Shebur ya kuɓuce masa, ya zube bisa gwiwa yana kuka yana dariya. Ashe ba mafarki ba ne! Ya kira 'yan'uwansa su zo su gani, ya ɗage riga ya nuna musu tabon cikinsa. Suka ɗaga hannu sama suna yabo.

Matar ta tsaya tana kallonsa. Ta dubi tabon, ta dubi ƙafafunsa, fuskarta ba ta motsa ba.

"Hajja," ya ce, "gidanki wuri ne mai tsarki. A nan Allah ya yafe mini. A nan mala'ika ya ɗauke ni."

"Khalas, ya isa, tashi daga nan," ta ce. "Inda ka durƙusa za ku tona. Mijina ne, Mainasara."

Ya matsa da sauri, yana ba ta haƙuri. Ya ɗauki shebur da kansa, ya ce ba wanda zai yi wannan aiki sai shi. Yana cikin tono ya sake tambayarta, ko ta taɓa ganin wani haske a gidan, ko wata alama.

Hadizatu ta zauna a hankali a bakin wani gado da ke tsakar gidan, ta gyara mayafinta.

"Na ga alama," ta ce. "Ina cikin fararen takaba na fito, na ga rakshan Mainasara yana cin wuta a ƙofata, na san wanda ya shigo. Na ja ka waje ne don kada jininka ya jiƙa kabarinsa."