Dariyar Shekara

"Don Allah kada ku sake saka muryar nan," in ji matar da ke kan layi.

Mai gabatar da shirin barkwancin a gidan rediyo ya ɗauka wasa take yi. Ai kiranta ne masu sauraro suka zaɓa a matsayin Dariyar Shekara. Wata takwas ke nan da ta bugo waya, ba ta ce uffan ba, sai sheƙa take yi har numfashinta na sarƙewa. Tun daga wannan ranar, da muryarta ake buɗe shirin kullum safe.

"Haba Hajiya, ke ce fa gwarzuwarmu!" Ya danna maɓalli, muryar ta cika ɗakin. Abokin aikinsa har da dukan tebur.

Ta jira har aka gama.

"Malam, ka san Direban Tanka, mai kiranku duk Laraba?"

"Sosai! Ya guje mu. Ko ke kika ɓoye shi?"

"Mijina ne. Ranar na kira ne in gaya muku ya rasu a hanya, maganar ta ƙi fita. Ba dariya nake yi ba. Kullum safe yarana sai sun ji kukana a rediyon maƙwabta."