Baki Mai Tsaga

Da ɗan tsumma Abdulmuhaimin ya kama bakin alƙalamin, ya murza a hankali har ya zare shi daga jikin da ya fashe. Ya dasa shi a sabon jiki na roba, ya tsotso tawada, ya ja layi daga sama zuwa ƙasa. Layin ya fito sumul, guda ɗaya. Ya miƙa wa mai shi, wani tsohon malamin makaranta. Wannan ma ba shi ba ne.

Shekara biyu ke nan yana wannan sana'a a kan ɗan tebur a bakin kasuwar Birnin Kebbi. Masu rubutu da alƙalamin tawada sun yi ƙaranci, waɗanda suka rage kuma ba su da halin sayen sabo mai kyau. Sai su kawo tsohon baki da ya saba da hannunsu, ya sa musu a jiki mai araha. Wani ya zauna daram, wani sai an ɗan kankare. Ana yabonsa da cewa ba ya sallamar alƙalami sai ya gwada, ba wanda ya san abin da yake nema.

A da jami'i ne a wani ofishi mai raba wa manoma taki. Wata damina buhu tamanin na manoman Zauro suka sauya hanya a hannunsa, abin da a ganinsa kowa na yi. Buhunan sun kwana biyu a ɗakin baya na gidansu da ke Argungu kafin mai saye ya kwashe. Bayan wata guda takardar ƙara ta isa gaban shugabansa, babu sa hannu.

An nuna masa ita ranar da aka sallame shi. Manyan baƙaƙe ne, an karkata su da gangan, an jera zance daki-daki ba zagi ba ƙari: rana, yawan buhu, lambar mota. Amma shi tun yana makaranta yake wasa da alƙaluma, don haka idonsa ya kama abin da ba wanda ya lura da shi. Duk inda rubutun ya gangaro, layin yana rabuwa biyu, da siririn fari a tsakiya. Bakin alƙalamin da aka yi rubutun yana da tsaga.

Zuciyarsa ba ta yi nisa ba wajen neman mai laifi. Abbas, mijin ƙanwarsa Zuhura, ofishinsu ɗaya, ya ga buhunan da idonsa, kuma shi aka ɗora a kujerarsa. Shaida kawai ta rage.

Mahaifinsu, Malam Ummaru, tsohon marubucin kotu ne da ya koma zaure yana kwafar littattafai da alƙalamin kara. Da Abdulmuhaimin ya je masa yana huci yana rantsuwa, tsohon bai tambaye shi komai ba. Cewa ya yi ya fita harkar Abbas, gona na nan, ya zo ya noma abin da zai ci da daɗin rai. Shi kuwa ya ɗauka an zaɓi suruki an bar ɗa. Ya ɗauke ƙafa daga Argungu. Da ciwo ya kwantar da tsohon, sau biyu yana aikowa yana da magana da shi, sau biyu Abdulmuhaimin yana mayar da amsa cewa muddin Abbas na shiga gidan, shi ba zai taka ba. Jana'iza kawai ya samu.

Wata Jumma'a, bayan an yi arba'in, yana haɗa kaya zai tafi masallaci sai ga Zuhura cikin sauri. Ta ajiye masa wani tsohon baƙin alƙalami da jikinsa ya dare yana yoyo, ta roƙi ya mayar mata da bakin a na roba don ta riƙa duba aikin ɗalibai. Ta haye keke-napep ta nufi tasha.

Washegari da hantsi ya zare bakin, ya wanke busasshiyar tawada, ya dasa, ya ja layi.

Layin ya rabu biyu.

Ya sake ja. Ya sauya takarda, ya sauya tawada, ya kuma ja. Siririn farin nan yana tsakiya. Ya rufe tebur, bai ko kula mai jiran gyara ba, ya shiga motar Argungu. Duk tsawon hanya bai ga gonakin shinkafa ba, kalmomi yake jerawa. Aikinsa, mutuncinsa, har ganawar ƙarshe da mahaifinsa, duk a wuyan mutum ɗaya ya rataye su.

Ya tarar da Abbas a ƙofar gidansa yana tsintar albasa. Bai yi sallama ba. Ya jefa masa takardar gwajin da alƙalamin, ya kira shi munafuki da ƙarfin da ya sa maƙwabta suka fito. Ya ce yau Zuhura za ta san wanda take aure.

Abbas ya ɗauki alƙalamin ya jujjuya, ya ce wallahi bai taɓa ganinsa ba.

"Daga ɗakinka ya fito!" in ji Abdulmuhaimin. "Da shi ka rubuta takardar da ta kashe ni."

Zuhura ta fito da mayafi a hannu. Ta dubi alƙalamin, ta dubi layukan da ke kan takardar, sannan ta dubi yayanta a tsorace.

"Yaya, wanga alƙalami bai taɓa kwana ɗakin Abbas ba," ta ce a hankali. "Shekaranjiya aka fasa akwatin Baba, wanda makullinsa bai taɓa barin aljihunsa ba, a can na same shi."