Mai Lamba Sha Bakwai

Gilashi mai lamba sha bakwai ba ya cikin akwati. Aska ta sake bin layin da yatsa, daga sha shida sai sha takwas.

A ɗakin gwaje-gwajen babu mai kiranta da sunan yanka. Aska suke ce mata, saboda yadda take fere tsokar da aka ciro daga jikin majinyaci har ta fi ɓawon albasa sirantaka, ta ɗora a gilashi, ta rina, a duba ko ciwon daji ne. Shugaban wurin kuwa, wanda kowa ke rusuna wa ana Farfesa, yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, shi ya koya mata aikin. Bara da ta kwanta asibiti aka yi mata 'yar ƙaramar tiyata, shi ya tsaya a kan komai, har karɓo takardu. Tun daga lokacin har yau bai fasa ajiye mata filas ɗin shayinta a tebur kowace safiya ba.

Shekara uku suna binciken wani sassaƙe mai kwantar da raɗaɗin ciwon daji. Mutum ashirin ake gwada shi a kansu, kuma dokar aikin ita ce lamba kawai ake gani. Sunayen suna cikin ambulan a rufe a ofishin kwamitin sa ido.

Sha tara daga cikinsu suna karɓar maganin asibiti, saboda haka masu ƙorafi za su iya cewa ba sassaƙen ne ya yi aiki ba. Mai lamba sha bakwai ce abin tinƙahon Yaya. Wata takwas ba ta shan komai sai sassaƙen, tana harkokinta garau.

"Yaya, ina gilashin sha bakwai?"

"Ya fashe," ya ce, idonsa na kan kwamfuta. "Ki bar wannan, na riga na duba shi."

Ranar ce kuma ta ga daftarin rahoton binciken a bakin injin buga takardu. Sunan kowa na ciki, har na direba a layin godiya, ban da nata. Abin ya sosa mata rai ƙwarai, amma ta haɗiye.

Yaya ya manta abu ɗaya, don manya ba sa shiga sito. Gilashi na iya fashewa, amma ragowar tsokar tana nan daskare cikin kaki a kan kantar sito. Da ya tafi taro ta ɗauko ta. Kallo ɗaya ta san ba aikin hannunta ba ne, kakin duk kumfa, an zuba shi a karkace. Ta ja tsaki, ta ɗaura a injin yanka tana murza shi a hankali, don kafaɗarta ta hagu ta daɗe tana mata tsami.

Abin da ta gani a madubin ƙara girma ya sa ta janye kujera baya. Ciwon daji ne irin mai saurin yaɗuwa, wanda likitoci ba sa yarda ya kwana biyu. Ta buɗe fayil ɗin lambar. Mace ce, ba a gasa mata ciwon da na'ura ba, ba a yi mata ƙarin ruwan maganin daji ba, babu ko takardar turawa wurin likitan daji.

Ta tare Yaya a bakin matakala.

"Matar nan ta san abin da ke jikinta?"

"Ba ta jin ciwo. Me kike so kuma?"

"Na ce ta sani, Yaya?"

"Saura wata biyu a rufe bincike. Daga nan ni da kaina zan kai ta asibiti." Ya dafa kanta kamar tana yarinya. "Ke dai ki yi haƙuri."

Wata biyu! Shi ne fa ya koya mata cewa a irin wannan ciwo mako guda ma asara ne. Ta ji kunyar haɗa jini da shi, ta kuma ji tsoron abin da za ta yi masa. Amma akwai wata baiwar Allah a wani gida, wataƙila da yara ƙanana, tana gode wa mutumin da ke cinye mata kwanaki.

Washegari ta hau bene na uku da gilashin a aljihun farar rigarta. Shugabar kwamitin dattijuwa ce mai tabarau, ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Kin san aikin yayanki ya ƙare ke nan?"

"Na sani, ranki ya daɗe. A nemo matar a gaya mata yau, shi ne kawai roƙona."

Dattijuwar ta buɗe durowar ƙarfe, ta yage bakin ambulan, ta bi jerin da biro har ta tsaya. Ta ɗago ta dubi katin aikin da ke rataye a wuyan Aska, ta sake duban takardar. Sai ta tashi ta rufe ƙofa da kanta, ta dawo ta zauna kusa da ita.

"'Yata," ta ce a hankali, "ƙullutun da aka cire miki bara, wa ya karanta miki sakamakon?"