Mahaucin da Ya Sayi Albashi a Tsaye

Tunda ka kawo mini takardar aikin nan bakinka har kunne, ajiye ta tukuna in ba ka misalin wani mahauci.

Mahaucin nan ya gaji teburin fawa a kasuwar garinsu, inda kakansa ya tsaya, ubansa ma ya tsufa a wurin. Gwani ne na gaske. In aka kawo bijimi, zagaye ɗaya zai yi masa, ya ɗan bugi kwiɓinsa, ya faɗa maka naman da zai rage bayan an cire fata da kai da kayan ciki, kuma da wuya ya kuskure. Ana nan sai wani kamfanin yanka a wata ƙasa mai sanyi ya aiko neman mahauta Musulmi, aka dace da shi. Takarda ta zo da albashin shekara a rubuce. Da 'yan canji suka juya masa kuɗin zuwa naira, sai da ya nemi benci ya zauna. An dai ce masa can akwai haraji, ya yi dariya. Shi a saninsa, haraji wani mutum ne mai littafin rasit a hammata, wanda kan zo ranar kasuwa a gaisa, a yi masa kukan rashin ciniki, a naɗe masa 'yar tsoka a takarda, ya tafi sai wani mako. Wanda ya yi shekara ashirin yana iyawa da wannan, wane haraji ne zai gagare shi? Kuɗin jirgi da biza ne ba shi da su, don haka ya jinginar da teburin ga wani abokin sana'a a gaban Sarkin Fawa, bisa sharaɗin in Babbar Sallah ta zo bai fanshe shi ba, tebur ya zama na mai kuɗi. Wata tara ne tsakani. A lissafinsa, wata uku ma ya yi yawa.

Da watansa na farko ya ƙare a can, abin da ya shiga banki da ƙyar ya haura rabin abin da ya lissafa. Ya ɗauka kafin alƙalami ne, sauran na tafe. Ya jira kwana uku, shiru. Sai aka nuna masa wata 'yar takarda mai layi-layi, kowane layi ya gutsiri nasa. Wani ɗan ƙasarsu da ya daɗe a can ya bi masa su da yatsa. Wannan na gwamnati ne. Wannan na asibiti ne, alhali shi ko ciwon kai bai yi ba. Wannan na tsufa ne, za a ba shi in ya doshi saba'in. Wannan kuma na ɗakin da kamfani ya sauke shi ne, wanda shi duk zatonsa karramar baƙo ce, har godiya ya yi ta yi. Wani ya ce an yanke masa fiye da kima ne don bai karɓi lambar haraji ba. Wani ya ce a'a, gwauro aka rubuta shi, ga mata da 'ya'ya huɗu a gida. Kowa ya tambaya da tasa fassarar, kansa ya ɗaure tamau. Sai ya koma ga dabarar da ya sani. Ya sayi tsoka mai kyau ya naɗe, ya nufi ofis neman mai haraji su fahimci juna. Aka ce masa babu wani mutum mai wannan aiki, na'ura ce ke cirewa tun kuɗin ba su taɓa hannunsa ba. Ya tsaya da ƙullin nama a hannu, ya ce, "To, ni yanzu wa zan roƙa?" Babu wanda ya gane tambayar, balle ya amsa. Ya ƙara awoyin aiki don ya cike giɓi, sai ga abin da ake yanke masa ma ya ƙaru, har ya fara zargin ko na'urar ta tsane shi ne. Wallahi abin tausayi, mutumin da bai taɓa taya bijimi ba sai ya cire fata da ƙashi a ransa, shi ne ya sayi albashi a tsaye, da ƙahonsa da kofatonsa.

Daga baya ya samu lambar, ya cike takardu har hannunsa ya gaji. Aka ce kada ya damu, rarar da aka yanke masa za a mayar masa idan shekararsu ta haraji ta ƙare. Sai dai shekararsu ba ta san Sallah ba. Ya koma shayi da burodi, ya ƙuntata wa kansa iyakar ƙuntatawa, amma da watan Sallah ya kama, abin da ya tara bai cika ba, saura kaɗan. Ya buga wa Sarkin Fawa waya yana roƙon a ɗaga masa ƙafa, aka ce magana a gaban shaidu aka yi ta. Wata biyu bayan Sallah sai ga rarar ta faɗo banki, har ta fi abin da ya rasa. Nan take ya kira wanda ya jinginar wa teburin. Mutumin ya yi masa murna, ya tambayi sanyi, sannan ya ce ya riga ya yi wa wurin sabon rufi, kuma ba na sayarwa ba ne. Ranar nan ƙaton mutum ya shige ɗakin sanyi cikin rataye-ratayen nama, ya yi kuka kamar ranar da ubansa ya rasu.

Saboda haka, ɗana, kafin ka saki abin da ke hannunka, nemi wanda ya san ƙasar ya feɗe maka takardar nan, ka ga abin da zai iso aljihunka. Ba banza Hausawa suka ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki ba.