Fankar Tsohuwa

Ramatu ta sauko daga motar Abala rungume da fanka mai caji. Ƙanenta Maidawa ne ya kira ta a waya ɗazu: "Yaya, zafin Filinge zai kashe tsohuwa. Tun safe ba ta motsi."

Ya karɓe fankar a bakin ƙofa, ya nufi ɗakin Inna. Ta bi shi.

Tsohuwar moto, wato babur mai lantarki, ta tarar a ciki, wadda ya sayo ta hannu a Yamai, an lulluɓe batirinta da jiƙaƙƙen zanen Inna.

Ta dube shi kamar ta ga mushe. "Ina Inna?"

"Tana rumfar kwano. Ita ai ta saba. Batirin nan kuwa daga ƙasar sanyi ya zo."