Ginin Zanzaro a Bakin Littafi

Kai da kake cewa sai ka sami sarari za ka fara karatun safe, gyara zama ka ji labarin wani manomi. Mutumin nan, in an taso daga sujada ranar Lahadi, yakan tsaya a ƙofar majami'a ya bugi ƙirji, wai tun ranar da aka yi masa baftisma rana ba ta taɓa fitowa ta same shi bai buɗe Littafi Mai Tsarki ya yi addu'a ba. In wani ya ɗan harare shi, sai ya sosa ƙeya ya ce, to, ban da damina dai, kun san halin ciyawa. Ban da kaka kuma, ga tsuntsu a kan gero. Bazara kuwa, wa zai tara hankali a wannan zafi? In ka bi zancen da kyau, abin da ya rage masa bai wuce kwana biyu ba, su ma na Kirsimeti ne.

Yana da wata gwaggo, tsohuwa ce makauniya, ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Ita ba ruwanta da cika baki. Kowace safiya, tun ba a buɗe wa kaji ba, takan lallaɓa da sandarta zuwa gidan maƙwabciya a karanta mata aya ɗaya tak. Sai ta dawo gindin dalbejiya ta zauna tana ɓarar gyaɗa, tana juya ayar a baki kamar saniya mai tuƙa. Ta yi shiru, ta sake juyawa, har ayar ta zama addu'a. Shekara talatin tana haka.

Ran nan ciwo ya kwantar da ita. Rafi ya cika, Fasto yana tsallake ba halin hayewa, maƙwabciya kuma ta tafi jinyar 'yarta. Tsohuwa ta ji a jikinta tafiya ta matso, ba ta kuwa so ta tashi kunnenta bai ji Magana ba. Sai ta aika wa ɗan nan nata mai karatun kullum, ya zo ya karanta mata zaburar makiyayi.

Gogan naka ya miƙa hannu kan katanga ya sauko da Littafi. Ashe zanzaro ya yi gini a bakin Littafin, ɗaki uku reras, ya liƙe shafukan da laka. Manomin ya cusa Littafin a hammata, yana cewa a ransa, ai ba gani take yi ba. Da ya zauna a gefen tabarmarta ya ɓalle ginin, ƙas, ƙasa ta zubo. Ya buɗa gaba, ya buɗa baya, zabura ta ce neme ni. Da ya ga shirun ya yi yawa, sai ya gyara murya irin ta Fasto, ya kama karatu daga kansa: makiyayi zai ba mu gero da dawa, zai tsare mana wake daga awakin maƙwabta.

Tsohuwa ta yi murmushi. “Ɗana, rufe. Riƙe mini hannu.”

Ita ta karanta masa, daga farko har ƙarshe, a hankali, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kamar mai bin hanyar rijiyar gidansu. Numfashinta ya daidaita. Shi mai ido da Littafi a cinya, nasa bai wuce Amin ba.

Amma hali zanen dutse. Kunya ba ta hana shi gyara zance ba. “Gwaggo, jiya ne kawai na yi fashi.”

Ta shafo ɓarɓashin lakar da ya zuba a zanenta, ta murza shi a yatsu. “Jiya? To wannan zanzaro naka ya fi maginan birni sauri. Ɗaki nawa ya gama maka a kwana ɗaya?”

Hausawa dai sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.